Ƙaurin da Baba Atishawa Bai Ji Ba

A gidan wankin da nake aiki, idan baƙo ya shigo ya ji wata ƙara kamar an buga ƙofar ƙarfe, yakan tsaya ya waiwaya. Mu ba ma waiwayawa, don mun san Baba Atishawa ne. Sai ka ji ya ce alhamdulillahi, ɗakin kuma ya amsa masa baki ɗaya, yarhamukallah, kowa hannunsa na kan aikinsa. Ya sha gaya mana cewa ba don shi ba, da ba mu samu rabin ladan da muke samu ba, saboda haka mu riƙa yi masa godiya.

Wankin otal-otal muke yi: zanen gado, tawul, rigar filo, labule, da rigunan ma'aikata. Ɗakin dogo ne. Injinan wanki na can ƙarshe suna gurnani, teburan guga na tsakiya, ni kuma ina bakin taga inda ake ninki. Tun da maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, nake kan wannan teburin, kuma na Baba ne ke jikin nawa. Shi ya sa yake kirana Maƙwabciya. Ni nakan ce masa Malam, don bakina bai taɓa iya kiran dattijo da atishawa ba.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannunsa na dama ya fi na hagu kauri saboda dutsen guga. A wajen kawunsa ya koyi aikin, tun zamanin dutsen gawayi, wanda ba shi da abin murɗawa a rage zafi. Ya ce ranar da ya fara ƙona rigar mutane, kawun bai doke shi ba. Rigar ya kanga masa a hanci ya ce, "Shaƙa da kyau. Kafin ka ga wannan da idonka ai aikin gama ya gama. Da hanci ake guga." Daga ranar, in ji shi, bai sake ƙona ko ƙyalle ba, kuma duk tsawon zamana kusa da shi ban ga abin da zai ƙaryata shi ba.

Hancin nan nasa abin mamaki ne. Ya san warin auduga idan ta sha zafi daidai, ya san na siliki idan ya fara jin tsoro, kamar yadda yake faɗa. Yana iya juya baya ga aikinsa yana ba da labari, dutse na kan riga, sai ya ɗaga shi daidai lokacin da ya kamata ba tare da ya duba ba. Sau da yawa yakan ɗaga murya ya kira wata a can ƙarshen layi, "Ke 'yata, ɗaga dutsen nan!" tun ita mai dutsen ba ta ji komai ba. Sai dai hancin da ke jin komai, komai ma na taɓa shi. Sitaci, garin sabulu, turaren baƙin otal da ke maƙale a tawul, duk atishawa suke sa shi. A nan sunan ya samo asali.

A gida ma bai bar guga ba. Maiɗakinsa ta taɓa kawo masa wayarsa da ya manta, ta tsaya tana yi mana ƙorafi, wai har tsumman goge tukunya sai ya goge shi ya ninke. 'Ya'yansu maza sun yi nisa wajen neman abinci. Autarsu ce ke kusa, kuma ita ce ciwon zuciyarsa. Ta daɗe da aure, ciki na zuwa yana zubewa. Ba ya maganar a fili. Ni dai nakan gane, domin duk ranar da aka yi rashin, atishawar na nan amma labarin babu.

To, a shekarar da nake ba da labarinta, Allah ya tsayar da cikin. Sai dai yarinyar ta yi gaggawa, ta zo bakwaini, aka sa ta a kwalba. Maiɗakinsa ta tare a asibiti wajen 'yarta, shi kuma aka bar shi a gida shi kaɗai da dutsen gugarsa. Ta bayan gilashi kawai ya taɓa ganin jikar. Ya nuna mana hotonta a waya har muka haddace shi.

"Kun ga amaryata?" yake cewa. "Ko ido ba ta buɗe ta dube ni ba. Jan aji tun yanzu."

Doguwa, mai kula da injinan wanki, wadda bakinta bai san hutu ba, ta ce, "Baba, ai ta ji labarin atishawar ne, shi ya sa ta nemi a rufe ta a kwalba."

Ana cikin haka murar nan mai tari da zazzaɓi ta shigo mana. Direbobin motar kai kaya ta fara kamawa, daga nan ta gangaro wajen masu injin. Teburi ya fara zama babu mai shi. Manaja ya raba takunkumi, ya sa aka buɗe tagogi duka, ya kuma ɗauko wata nas da ke zuwa kowace safiya ta kafa teburinta a bakin ƙofa, ta tafi kafin rana ta yi tsaka. Yarinya ce mai fara'a, amma ba ta wasa da aikinta.

Ranar farko ta nuna mana abin gwajin. Tsinke ne mai auduga a kai, a sa a hanci a jujjuya, a tsoma a ɗan ruwan magani, a ɗiga a kan wani ɗan farin abu mai taga, a jira. Layi ɗaya, ba a ga cutar ba. Layi biyu, an gan ta.

Matan ɗakin suka dubi juna, sai dariya ta ɓarke.

"Malama nas," in ji Doguwa, "wannan abin ai mun san shi, irin na gwajin ciki ne. Layi biyu a wajenmu albishir ne. Yanzu in direba ya yi layi biyu, wa za mu ce ya yi masa?"

Nas ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce mu saurara. Ta ce layi biyu ba kasafai yake ƙarya ba, in ka gan shi ka tafi gida kawai. Layi ɗaya ne ba ya rantsuwa. Abin sai ya tarar da ƙwayar cutar da yawa a kan audugar kafin ya nuna. In cutar ba ta daɗe da shiga ba, ko ba a jujjuya tsinken da kyau ba, yana iya cewa babu alhali akwai. Don haka duk wanda jikinsa ya gaya masa wani abu, ya yarda da jikinsa, ya nisanci mutane, a sake gwadawa bayan kwana biyu.

Baba ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. "'Yata, kwana biyun gaisuwa ko kwana biyun lissafi? Don ni akwai wanda na ce wa kwana biyu, shekara ce rabona da shi."

"Na lissafi, Baba."

Wannan lokacin ya yi wa Baba wuya ta wani gefen. Mutumin da atishawarsa ke kawo addu'a, sai ga shi tana kawo gudu. Yana yi sai ka ga mata sun dare, yarhamukallah ɗin ma daga nesa ake jefo masa ita. Abin ya sosa masa rai, sai gwajin ya zama mai wanke shi. Kullum nasa layi ɗaya. Yakan ɗaga shi sama ya zagaya da shi tsakanin tebura. "Ku gani! Masu tari a ɓoye su ke kwanciya, mai atishawa a fili yana nan daram." Sannan ya sa shi a aljihun gaba, kansa a waje kamar alƙalami.

Akwai abin da na lura da shi. Da yake muna da yawa, nas na miƙa wa kowa tsinkensa ne ya yi da kansa, ita tana ɗiga ruwan. Baba kuwa, da audugar ta taɓa bakin hancinsa sai atishawa ta taso, sai ya zare da sauri ya miƙa. Yadda yake wucewa da dutse a kan siliki, haka yake wucewa da tsinken, taɓawa kawai. Na taɓa ce masa, "Malam, anya ka kai shi ciki kuwa?" Ya ce, "Maƙwabciya, hancina ai ba ya ɓoye komai a ciki, duk abin da ke akwai yana bakin ƙofa." Muka yi dariya, aka wuce wurin.

Rannan ya shigo yana taku kamar saurayi. An ce yarinya ta yi ƙwari, da yamma za a sallame su, kuma likita ya yarda 'yan gida su ɗauke ta, in dai masu lafiya ne. Gwajinsa na safiyar ya fito layi ɗaya. Ya sumbaci abin ta cikin takunkumi.

"Ga takardar izinina. Yau amarya za ta san tana da miji."

Ya zo da wata 'yar riga fara da ya saya, wadda za a sa mata a fito da ita. Duk rigar ba ta wuce tafin hannunsa ba. Da aka tafi hutun rana ya shimfiɗa ta a teburinsa, ya yayyafa ruwa, ya ɗora dutse. Doguwa ta tsaya daga nesa tana tsokanarsa, wai yarinyar da ko zama ba ta iya ba ina ruwanta da karin guga. Ya juya yana ba ta amsa, hannunsa na kan dutsen, kamar yadda ya saba yi kullum.

Ni ina ninke tawul sai na ji ƙauri. Na yi shiru tukuna, don a ɗakin nan ba a riga Baba jin ƙauri. Na jira ya yi magana, ya ci gaba da labarinsa.

"Malam," na ce, "ƙauri."

"Ina?" Ya ɗaga kai yana duban teburan da babu kowa, yana neman mai laifi. "Wa ya bar dutse a kunne?"

"Malam, ɗaga hannunka."

Ya ɗaga. A ƙirjin 'yar rigar ga hancin dutsen ya fito sak, ja-ja, har da ɗan hayaƙi.

Ya ja takunkumi ƙasa, ya kai rigar hancinsa ya shaƙa. Ya sake shaƙa. Ya ɗauki robar sitaci ya shaƙa. Ya je ya buɗe buhun garin sabulu, wanda ko wucewa ya yi ta gefensa sai ya yi atishawa, ya sunkuya a kai. Na ciro ɗan turaren da nake shafawa in zan yi salla, na ajiye masa a bakin teburi na ja baya. Ya buɗe, ya daɗe da shi a hanci.

"Maƙwabciya, ruwa kika zuba a ciki?"

"Turare ne, Malam."

Sai a lokacin na tuna tun safe ban ce yarhamukallah ba.

Ya zauna a kan kujera. Duk mun san murar nan takan ɗauke wa mutum jin wari. Ya ciro abin gwajin daga aljihu yana dubansa. "Amma layi ɗaya ne," ya ce a hankali. "Ku duba. Ba ni na rubuta ba. Jikina ba zafi, ba na tari. Ɗan nauyin kai ne kawai, shi ma don ban yi barci sosai ba saboda murna." Yana magana yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda zai ce masa haka ne. Nas ta riga ta tafi. In ya sa abin nan a aljihu ya nufi asibiti, babu wanda zai tare shi.

Doguwa ce ta yi magana, muryarta ba irin ta kullum ba. "Baba, ƙirjinta fa bai fi na ɗan tsako ba."

Ya ajiye abin gwajin a gefen rigar da ta ƙone, ya yi ta kallonsu su biyu. Can ya ja takunkumi ya rufe fuskarsa, ya ce mu matsa nesa da shi, ya ɗauki waya. Muna jinsa.

"Auta, ku tafi gida da innarki, ba zan zo ba... A'a, lafiya lau. Riga na ƙona... Na ce riga na ƙona." Ya yi shiru yana saurare. Da alama ita ma ta san abin da hakan ke nufi, don bai ƙara bayani ba. "Ki ce wa amarya ta yi haƙuri, ango ya ɗaga biki."

Ya gaya wa manaja, ya tafi gida. Rigar ya bar ta a teburi, ni kuma na ɗauke ta na sa a jakata.

Da kwana biyun lissafi suka cika, muka iske shi a waje can gefen ƙofa, shi kaɗai a inuwar bango, da takunkumi har biyu. Nas ta sa safar hannu ta fita wajensa, mu kuma muka yi cirko-cirko a tagogi. Ta tambaye shi yadda yake yin gwajin a da. Kafin ya buɗe baki Doguwa ta kwaikwaya mata daga taga: ta taɓa hanci da yatsa, ta zabura, ta miƙa. Nas ta kama kai.

"Baba! Ai sallama kawai kake yi a ƙofa ka juya. Ni ma da laifina da ban tsaya a kanku ba. Yau sai mun shiga ciki."

Ta sa ya jingina da bango. Ta shigar da tsinken, ta jujjuya a wannan hancin, ta jujjuya a wancan, shi kuma yana ta buga ƙafa a ƙasa, hawaye na zuba, yana kiran sunayen Allah. Aka ɗiga, aka jira. Layin farko ya fito. Sai na biyu ya biyo shi, baƙi ƙirin, ba mai cewa a kawo tabarau.

Na ɗauka zai karaya. Sai ya ɗaga hannu biyu sama ya ce alhamdulillahi da ƙarfin da ya fi na atishawarsa, ya shiga juyi a tsakar filin, dattijo da gemunsa.

"Ban je ba! Kun gani? Ban je ba!"

"Baba ya samu!" Doguwa ta rangaɗa daga taga. "Layi biyu! Allah ya raba lafiya, Baba!"

"Amin, 'yar nema! Ke za ki yi mini wankan jego!"

Har manaja sai da ya fito yana dariya. Daga ranar nas ta daina miƙa tsinke ta juya baya, sai ta ga an jujjuya a gabanta, kuma a satin aka samu wasu da nasu ya juya daga ɗaya zuwa biyu. Ni da ke jikin teburinsa an gwada ni an sake gwadawa, na kuma ƙaurace wa jikokina na ɗan lokaci, amma Allah ya tsare.

Zazzaɓin ya kwantar da shi, bai dai yi tsanani ba. Maƙwabta na ajiye masa abinci a bakin ƙofa, yana ci yana cewa duk ɗanɗanon kwali ne. Ya warke, aka gwada shi aka ga layi ɗaya, aka sake aka ga ɗaya, nas ta ce wannan karon ta yarda, don da hannunta ta yi kuma jikin ma ya shaida. Ya dawo aiki. Hancin ne bai dawo ba. Sai ga Baba yana murɗa abin rage zafi yana ƙura wa riga ido kamar sabon shiga. Ɗakin ya yi shiru, har Doguwa ta ce ladanmu ya ragu, a nemo mana wani mai atishawar haya. Yakan yi dariya, amma na ga yana kai kaya hancinsa a ɓoye idan ya ɗauka ba mai kallo.

Ranar da aka ba shi izinin zuwa wajen jikar, ya ce ni da Doguwa mu raka shi, tunda a gabanmu aka ɗaga bikin. Na tafi da 'yar rigar. Na yanke wurin ƙunar, na ɗinka ɗan fure da zare ruwan hoda a gurbin. Autar ta karɓa tana juya ta, ta ce wannan rigar ba za ta taɓa bayar da ita ba. Aka sa wa yarinya, ta ɗan yi mata yawa.

Baba ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya zauna a tsakiyar kujera, maiɗakinsa ta ɗora masa ita tana cewa ya tallafi kan, ba zanen gado ba ne. Ya riƙe ta ƙam kamar wanda aka ba ƙwai. Ya yi mata addu'a a hankali, muna amin. Yarinyar ta buɗe ido ta dube shi, ta yamutsa fuska, ta yi wani ɗan nishi.

Sai na ga hancinsa ya motsa.

Ya ɗaga kai ya dubi ɗakin, irin duban da yake yi idan yana neman wanda ya bar dutse a kunne. Ya sunkuya kan yarinyar ya shaƙa. Ya sake shaƙa, dogo.

"Auta," ya ce, "amarya ta yi aika-aika."

"Kawo ta in canza mata, Baba."

"Ki bar ta tukuna! Ina ji! Wallahi ina ji!" Ya sake shaƙa, fuskarsa kamar wanda aka buɗe wa kwalbar turare. "Kai, madalla da wannan wari."

Doguwa ta zame daga kujera don dariya. Maiɗakinsa ta ce ita dai ta ga ikon Allah, mutum ya shekara yana ƙorafin warin tsumma, yau ga abin da yake yi wa godiya. Aka karɓi yarinyar aka gyara ta, aka barbaɗa mata hoda, aka mayar masa. Hodar ce ta ƙarasa aikin. Muka ga kafaɗunsa sun ɗaga, ya kawar da kai can gefe, ya saki wadda muka daɗe muna bin sa bashinta, har labulen taga ya motsa.

Muka yi tsit muna jiran kuka. Yarinyar ta zaro ido, ta ɗaga 'yan hannuwanta, ta yamutsa hanci, ta yi tata, 'yar ƙarama kamar ta kyanwa.

"Ta gado," in ji maiɗakinsa. "Mun shiga uku."

Baba ya ce alhamdulillahi sau biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta amarya tunda ba ta iya ba tukuna, mu kuma muka amsa musu su duka.